Yadda Ake Ɗaura Gurup a Kan Ramok da Ƙara Masa Tankin Mai Don Kwanan Daji

Duk wanda aikinsa ke fitar da shi daga Damagaram ya kwana biyu ko uku a inda layin wutar kamfanin NIGELEC bai kai ba, dole wata rana ya zo kan maganar janareta, gurup ɗin nan da ake ɗauka a hannu. Ma'aikatan rigakafin dabbobi da ke bin rijiyoyi tsakanin Tanut da Belbeji suna tafe da firij ɗin allura wanda ba ya shiri da zafi. Masu kai lasifika wurin wa'azi ko biki a ƙauyukan Magarya da Matamaye, masu haƙar rijiya, masu rakiyar baƙi zuwa Termit ta Gure da Tasker, duk buƙatarsu ɗaya ce: inji ya isa lafiya, kuma ya kwana yana aiki. Abin da aka saba gani shi ne a jefa shi bayan ramok, 'yar tirelar kaya da mota ke ja, tare da tanti da tabarmi da buhun shinkafa, a zagaya shi da igiyar roba, a ce bismillah. Da yawa daga injinan da ke zube a shagunan masu gyara ba aiki ya kashe su ba, gargadar hanya ce. Gobarar da ake ji kuwa, galibi tana tashi ne lokacin da mutum ya farka tsakar dare da tocila a baki yana tsiyaya fetur a inji mai zafi. Waɗannan biyun su ne wannan jagorar ke son raba ka da su.

Fara da biro da takarda

Kafin ka je wurin mai walda, rubuta duk abin da za ka kunna da watt ɗin da ke jikin kowanne. Fitilar LED ba ta wuce watt 10 ba, fanka 50 zuwa 75, ƙaramar firiza 100 zuwa 150. Sai dai firiza na da halinta: lokacin da kwamfuresa ke tashi yana fizgar ninki uku ko fiye na abin da aka rubuta, na ɗan daƙiƙoƙi. Nan ne ƙaramin inji ke durƙushewa.

Kada kuma ka ɗauki lambar da ke jikin kwali a matsayin abin da za ka samu a nan. Injin fetur yana rasa kusan kashi 3.5 cikin ɗari na ƙarfinsa a kowane mita 300 na tudu, Damagaram kuwa tana sama da mita 450 daga matakin teku. Zafi ma yana cin nasa, wajen kashi ɗaya a duk digiri 5 da rabi. A watan Afrilu da Mayu, da rana ke wuce digiri 40, ka cire kashi goma daga abin da aka rubuta kafin ka fara lissafi.

Sai lissafin mai. Ɗauki Honda EU22i a misali, tunda alƙalumansa sanannu ne: tankinsa lita 3.6, yana yin awa uku da 'yan mintoci idan an ɗora masa cikakken lodi, ya yi awa takwas idan rubu'in lodi ne. Ke nan daga ƙasa da rabin lita zuwa lita ɗaya da ɗoriya a awa. Idan kwana uku za ka yi, awa goma kowane dare, a kan rabin lita, lita 15 ke nan. Ƙara rubu'i saboda abin da ba a sani ba, ka ga jarka ɗaya ta lita 20 ta kusa cika. Manyan injinan nan masu firam na ƙarfe da tankin lita 15 a sama sun fi haka sha nesa ba kusa ba, don gudunsu ɗaya ne ko da lodi ko babu. Hanya mafi gaskiya ita ce ka cika naka a gida, ka kunna masa kayan da za ka tafi da su awa biyu, ka auna abin da ya sha.

Inda zai zauna

Mai amalanke ya san wannan tun kafin mai mota: in kaya suka yi baya, sandunan gaba sai su ɗaga, jaki ya rasa inda zai dafa. Ramok ma haka take. Nauyin da ke danna ƙugiyar mota ya kamata ya kai kusan kashi goma cikin ɗari na nauyin ramok da kayanta. Idan duka kilo 500 ne, wajen kilo 50 a kan ƙugiya. Ya gaza haka, da ka ɗan taka wuta a kan kwaltar RN1 sai ramok ta fara kaɗa wutsiya, ta ja bayan motar dama da hagu. Ya zarce da yawa, gaban mota ya yi sauƙi, sitiyari ya daina jin magana cikin yashi. Aunawa ba wuya: ɗora hancin ramok a kan sikelin auna buhu, ka sa itace a tsakani yadda tsayinsa zai yi daidai da na ƙugiya.

Saboda haka wurin gurup shi ne gaba, a kan wuyan ramok inda ƙarafa biyu ke haɗuwa, ko kuma cikin akwati daf da gaban tayoyi. Ƙarshen baya shi ne wuri mafi muni: nan ne tsalle ya fi ƙarfi, nan ne ƙura ke murɗawa ta sauka. In ka zaɓi wuyan, juya motar har ƙarshen sitiyari a fili ka duba ko bamba za ta taɓa mazaunin. Mutane kan tuna da wannan ne bayan fitilar baya ta fashe.

Jarkar ƙarfe ta lita 20 cike da fetur tana kusan kilo 19. Biyu daga cikinsu sun kusa ninka nauyin ƙaramin gurup. Su nasu wurin saman tayoyi ne, ƙasa-ƙasa, a cikin mariƙinsu na daban.

Wurin mai walda

Je da injin da ramok ɗin duka, kada ka je da awo a takarda kawai. Abin da za a yi maka tire ne na ƙarfe mai kwana, milimita 40 da 40, kaurin milimita 4, wanda ya fi ƙasan injin faɗi da santimita biyu ko uku ta kowane ɓangare. A bar ƙasansa a buɗe ko a huda shi, don yashi da ruwan damina su zube.

Akwai gardama ɗaya da za ka yi da shi, kuma ka dage. Zai so ya liƙa tiren kai tsaye a jikin wuyan ramok, ya ce maka, "Alhaji, bari in ɗiga masa wuta, ko shekara goma ba zai motsa ba." Gaskiya ya faɗa game da tiren, amma wuyan ne abin tsoro. Walda a gicciye tana raunana ƙarfen a daidai inda yake lanƙwasawa sau dubbai a hanyar burji, kuma tsagewa daga gefen walda take farawa. Ka ce masa a kama shi da bulon masu siffar U da ke rungumar ƙarfen, masu kaurin milimita 10, da noti mai roba a ciki wanda ba ya warwarewa. In babu, a sa noti biyu-biyu a ƙulle su da juna. Huda wuyan ma a guje masa, dalilin ɗaya ne.

Tsakanin tire da ƙafafun inji a shimfiɗa roba. Robar mazaunin injin mota ta fi kyau, amma yankan tsohuwar taya mai kaurin santimita ɗaya yana aiki, kuma ba ya rasuwa a wajen Kasuwar Dole. Daga sama a ɗaure da bel biyu masu makama da ake ja su ƙulle, kowanne ya bi ta jikin firam ko hannun ɗauka, ba ta kan tanki ko murfin roba ba. A walda zobe huɗu a jikin tiren don maƙala su. Igiyar roba ta tsohon tib tana barin inji ya yi tsalle ya dawo, wannan dukan ne ke fasa ƙafafu da tsinka wayoyin ciki. A ƙara zobe ɗaya mai kauri na sarƙa da kwaɗo, tunda za ka bar ramok a bakin kasuwa wata rana.

Akwatin ƙarfe rufaffe yana da ban sha'awa a ido, ni dai ban ba ka shawararsa ba sai in don tafiya kaɗai. Waɗannan injinan iska ke sanyaya su. A cikin akwati za su riƙa shaƙar iskar da suka ɗumama da kansu. Tamfol mai kauri da za a lulluɓa a hanya a yaye a masauki ya wadatar.

Kafin a tashi kowace tafiya, rufe makullin mai ka bar injin ya ci abin da ke cikin kabireta har ya mutu da kansa. Dalili: a cikin kabireta akwai 'yar roba mai yawo a kan fetur wadda ke tura allura ta toshe hanyar mai. A gargada tana rawa, allurar na buɗewa, fetur ya malala ya gangara cikin man inji. Ka isa masauki ka ja igiya, man da ya kamata ya kare ƙarfe ya riga ya tsinke. Murfin tankin da ke da 'yar makunnin iska a mai da shi kan OFF. Inji kuma a tsaye yake tafiya, ba a kwantar da shi.

A masauki, sauke shi

Idan akwai mai kwana a kan ramok ko a tantin da ke jingine da ita, gurup ba ya aiki a kan mazauninsa. A sauke shi a kai shi aƙalla mita 6 daga inda mutane suke, salansa na kallon waje, a ɓangaren da iska ke tafiya. Da hunturu iskar daga arewa maso gabas take zuwa, sai a kai shi kudu maso yamma da zango. Da damina a juya lissafin. Hayaƙin fetur yana ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma mai barci ba ya farkawa ya ce wani abu na damunsa. Duk wanda ya fara ciwon kai, jiri ko tashin zuciya alhali inji na aiki, a kashe injin a fitar da shi sarari nan take. Daren sanyin Janairu, da kowa ke toshe ƙofar tanti, shi ne lokacin da ya fi haɗari.

Kada a ajiye shi a kan yashi tsirara, fankarsa za ta zuƙe shi ta watsa cikin inji. Faffaɗan katako ya isa, a daidaita shi sosai, don yawancin injinan yanzu suna kashe kansu idan man inji ya karkata gefe guda. Wayar da za ta kai wuta zango ta zama mai jijiya uku, kowace mai kaurin 2.5 mm², a warware ta duka daga kan abin naɗinta. Waya a naɗe tana ɗaukar zafi.

Ƙarin tanki

Nan ne aikin ke son natsuwa. Tambayar farko: ta yaya fetur ke isa kabireta a injinka? Idan tanki na sama, tiyo ya sauko kai tsaye, nauyin man ne ke kai shi. Haka manyan masu firam suke. Idan ka buɗe murfin gefe ka ga wani ɗan abu mai tiyo uku a tsakanin tanki da kabireta, famfo ne, kamar na EU22i da EU20i. Kowanne da dabararsa, kuma dabarar wannan ba ta yi wa wancan.

Ga mai gangarowa da kansa, tankin da ya fi sauƙin samu a garin nan shi ne na mataccen babban gurup, mai lita 15 ko 25, a wurin masu gyara. An riga an yi shi don fetur, yana da makulli, murfinsa na numfashi. Haska cikinsa da tocila ka tabbatar babu tsatsa. A yi masa ƙafafunsa daban, ba a jikin firam ɗin inji ba, yadda bakin fitar mai zai fi kabireta tsayi da santimita 20 zuwa 50. Ƙasa da haka mai zai riƙa yankewa in tanki ya kusa ƙarewa. Sama da haka da yawa, nauyin man zai rinjayi allurar nan, kabireta ta yi ambaliya. Jerin haɗin shi ne tanki, makulli, matacin mai irin na babur wanda ake ganin cikinsa, sannan tiyo zuwa kabireta. Kibiyar da ke jikin matacin ta kalli inji. Kowace mahaɗa a matse ta da maɗaurin ƙarfe mai sukuru, ba waya ko zare ba. Tiyon ya yi ta gangara tun daga sama har ƙasa, kada ya yi doro a tsakiya, don a zafin bazara tururin fetur na taruwa a doron ya tare hanya, inji ya mutu alhali tanki cike.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a haɗa sabon tiyo da tsohon da mahaɗa mai baki uku a bar makullai biyun a buɗe. Mai yana neman daidaito: zai bar tankin sama ya cika na inji, ya fito ta hujin murfi, ya kwarara a kan inji mai zafi. Ko dai ka zare tsohon tiyon gaba ɗaya ka rufe makullinsa, ko ka sa makulli mai zaɓi wanda ke buɗe hanya ɗaya kawai a lokaci guda.

Mai famfo kuwa ba a taɓa tiyonsa na ciki. Murfin tanki ake canzawa da wani wanda ba ya shan iska ko kaɗan, mai ɗan bututu a tsakiya, daga nan tiyo ya tafi tankin waje ya nutse har kusa da ƙasansa. Yayin da famfo ke jan mai daga tankin inji, gurbin da aka bari ba shi da inda zai samu iska, sai ya zuƙo fetur daga tankin waje. Sharuɗɗansa uku ne. A cika tankin inji taf kafin a ɗaura murfin. A cika tiyon da mai tun farko, da 'yar robar matsawa irin ta tankin injin jirgin ruwa, wanda shi ne ma ya fi dacewa da wannan aikin in ka samu mai lita 12 ko 25. Sannan hujin iskar tankin waje ya kasance a buɗe. A ajiye shi a ƙasa daidai da inji, kada ya fi murfin tsayi. In ka ga inji ya shanye nasa ya mutu, na waje bai ragu ba, iska ce ke shiga ta wani wuri, kuma kusan kullum robar murfin ce. Idan za ka ƙera murfin da kanka, sayi na biyu ka huda, ka bar na asali don hanya.

Tiyo sai na fetur, baƙin nan mai zare a ciki. Yanki guntun tsohon ka je da shi shago don a dace da faɗin. Farin tiyon ruwa da ake ganin ciki yana ƙandarewa cikin 'yan makonni ya tsage a bakin mahaɗa, araha ba ta ado. Tankin waje ya nisanci salansa da aƙalla mita ɗaya, ta ɓangaren da ba hayaƙi, a yi masa inuwa da rana. Abu ɗaya kuma da ba a sasantawa a kai: tankin da ya taɓa ɗaukar fetur ba a kai masa wutar walda ko abin yanka mai tartsatsi, ko an wanke shi. Tururin da ya rage a ciki ya fi man kansa saurin fashewa.

Ƙaramin nan mai cin gaurayen fetur da man inji, irin Tiger 950, in ka nace sai ka ƙara masa tanki, to man tankin wajen ma sai an gauraya, mililita 20 na man inji a kowace lita. A ganina wahalar banza ce, ba a yi shi don kwana yana aiki ba.

Akwai hanya ta uku ga mai inji mai cin fetur da gas ɗin girki. Matatar SORAZ, wadda ta fara aiki a 2011 a kan hanyar Tanut da ƙarfin ganga 20,000 a rana, tana fitar da gas ɗin girki tare da fetur da gazuwal. Babbar kwalba mai kilo 12 da rabi tana ɗauke da ƙarfin da ya kai na lita 17 zuwa 18 na fetur, ba zuba, ba tsiyaya, ba datti a kabireta. Inji kan rasa kusan kashi goma na ƙarfinsa a kan gas, kuma in kwalba ta ƙare a Tasker ba lalle ka samu canji ba. Kwalbar a tsaye take tafiya, a ɗaure, a inuwa. Injin da ba a yi shi da hanyar gas ba, ƙwararre ne kawai zai sa masa na'urar.

Man da za ka ɗauka

Sha a gidan mai kafin ka bar gari. Na kwalba a bakin titi yana fitar da mai babur kunya, amma kabiretar gurup ramukanta ƙanana ne, ɗigon ruwa ko ƙwayar yashi ta isa ta tsayar da ita. In dole ta sa ka saya a ƙauye, tace shi da kyalle mai tsabta a bakin mazurari.

Jarkar ƙarfe mai robar murfi lafiyayya, ko ta roba da aka yi musamman don fetur. Rawayar jarkar man girki da kowa ke amfani da ita murfinta ba ya riƙe tururi, kuma rana na cinye jikinta. Kada a cika har wuya: fetur na kumbura kusan kashi ɗaya cikin dubu a kowane digiri, wato lita 20 da aka zuba da sanyin asuba za ta ƙaru da kusan rabin lita kafin azahar. Bar gurbin faɗin yatsu huɗu a sama. Lokacin zubawa a sauke jarkar ƙasa, bakin tiyon famfo na taɓa bakinta. A busasshiyar iskar hunturu, tartsatsin nan da kake ji in ka taɓa ƙofar mota ya isa ya kunna tururi. Jarka da ta sha rana a buɗe ta a hankali, fuska a gefe. Tururin fetur ya fi iska nauyi, yana bin ƙasa, don haka mai shayi da gawayinsa su yi nisa, kuma ba ta inda iska ke kai musu ba. Tafi da abin kashe gobara na hoda mai kilo 2 a wurin da hannu zai kai ba sai an kwance kaya ba. Yashi da shebur ma suna kashe wutar fetur. Ruwa yaɗa ta yake yi.

Ƙarin tanki na zuwa da tasa matsalar: da can duk awa huɗu inji na tsayawa a duba shi, yanzu sai ya yi awa ashirin ba wanda ya leƙa. Man injinsa kuwa ɗan kaɗan ne, bai kai rabin lita ba a EU22i, wajen lita 0.6 a injinan da aka kwaikwaya daga injin Honda GX160. Kashe shi kowace safiya, bari ya huce, duba sandar mai, kakkaɓe soson matacin iska. Littafin inji na cewa a yi juye bayan awa 20 na farko, sannan duk awa 100. A ƙurar hanyar Agadas mai da shi 50. Sa buji ɗaya, mataci ɗaya, mita ɗaya na tiyo da maɗaurai huɗu a cikin akwatin kayan aiki.

Kwana biyu kafin tafiya, haɗa komai a tsakar gida, nesa da ɗakuna, ka bar shi ya yi awannin da zai yi a daji. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin kowace mahaɗa, ɗigo ɗaya zai nuna kansa. Washegari ɗaura shi a mazauninsa ka ja ramok ɗin kilomita goma a hanyar burji, ka tsaya ka bi kowane noti da sifana, ka sake jan bel ɗin. Sabuwar roba tana zama bayan tafiyar farko, za ka tarar sun ɗan saki.